Inuwar Turken Maharazu

A Illela, a zamanin da duwatsun iyakar da Ingilishi da Faransa suka kakkafa ba su gama zama a idon mutane ba, an yi wata mata, Lubabatu, wadda duk unguwa ta san tana magana da turke. Ba hauka take yi ba. In ma hauka ce, to irin wadda kowace uwa ke fama da ita ce a ƙirji, ita dai tata ta sami itacen da za ta jingina da shi.

Lubabatu 'yar Fulanin wata ruga ce a bayan Tozai. Ta auri Malam Halliru, mai fataucin kanwa da albasa tsakanin Ƙonni da Sakkwato. Ɗanta na fari, Maharazu, an haife shi shekarar da Nasara ya shiga Sakkwato. Kowa ya san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Wasu matan sukan sassauta in shekaru sun ja. Lubabatu kuwa ta zo da kunyar Fulani, ta tarar da ta Hausawa, ta haɗa su biyu ta ɗora a ka ba ko gammo. Ranar da aka yaye yaron, yayar mijinta, Goggo Tasalla, ta saɓe shi ta kai ɗakinta, wanda zana ɗaya ce ta raba shi da na uwarsa. Nan ya girma. Yana ce wa uwarsa Adda kamar sauran yaran gida, ita kuma in ta matsu ƙwarai sai ta ce "ɗan Goggo."

Tun yana ƙarami Maharazu ya gallabi ladanin unguwa. In tsohon ya fito yana taka inuwarsa ƙafa bayan ƙafa don ya san ko azahar ta yi, sai yaron ya bi shi da tambaya. Me ya sa jiya ta fi tsawo? Me ya sa da sanyi take nufar Ƙonni, da damina ta juya Sakkwato? Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar Nasara, ladan ne ya fara ambato sunansa, kuma ba don ƙauna ba. Aka kai shi Sakkwato, daga can Katsina, ko'ina labari ɗaya ake kawowa, wai lissafi a kansa kamar ruwa a gangare.

Yana da shekara ashirin da biyu ya zo azumi gida da magana a bakinsa. Wani malaminsa Bature ya nema masa hanya. Zai je Ikko ya ƙara shiri, daga nan ya haye teku zuwa wata babbar makaranta da ake kira jami'a, inda manya masu gemu ke zaune ba aikin da suke yi sai lissafin yadda abubuwa ke motsi, yadda dutse ke faɗuwa, yadda rana ke tafiya, yadda zafi ke bin ƙarfe. Malam Halliru ya shafa gemu ya ce ilimi ai ko ina yake a bi shi. Goggo Tasalla ta yi kuka kwana biyu, ta fyace hanci, ta ce ya je.

Kafin salla Maharazu ya samo itacen kirya miƙaƙƙe, ya feƙe kansa, ya kafa shi a tsakar gida inda babu inuwar bango. Tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba. Ya ɗaura dutse a zare ya saki kusa da shi, yana gyarawa yana sake dubawa, har ya tabbata bai karkata ko'ina ba, sannan ya yi daɓe ya kewaye shi. Lubabatu tana kaɗi a bayan zana, ba ta ɗaga kai ba. Amma zana tana da ƙofofi, kuma babu abin da ya yi da bai shiga idonta ba.

Kwana uku bayan ƙaramar salla, ranar tafiya, ya zo ya durƙusa a bakin zanar. Rashin sa'a, maƙwabta biyu sun shigo barka da salla, suna zaune a tabarmarta.

Ya ce, "Adda, an ce in tahi. Baba ya yarda, Goggo ta yarda. Saura ke. In kin ce in zamna, wallahi zamnawa ni kai."

Mazarin ya ci gaba da juyawa a hannunta. Zuciyarta kuwa ihu take yi, tana cewa kada ka tafi, teku ba gulbi ba ne, wa zai san ba ka cin yaji? Abin da ya fito daga bakinta daban.

"Mi ya haɗa ni da tahiyar ɗan Goggo? Mai abu shi ka magana. Allah shi kiyaye hanya."

Maƙwabta suka gyaɗa kai, suka ce kai, Lubabatu 'yar halas ce, kunya ta gaji. Shi kuwa ya daɗe a durƙushe. Ya san al'adar sarai, amma shekara goma a cikin littattafai sun koya masa cewa abin da aka rubuta shi ake karantawa, kuma ya sa rai ko sau ɗaya a duniya za a ce masa zauna, ko da ba zai zauna ba. Ya tashi ya kaɗe gwiwa.

Da rana ta take tsaka ya kira Goggo wurin turken.

"Goggo, duba ƙasa. Ina inuwatai?"

Goggo ta duƙa ta leƙa, ta kewaya. Babu inuwa ko ta allura, turken tsaye kamar an zana shi.

"Yau rana ta tsaya bisa kan Illela daidai. Duk sadda nig gama, rana irin wagga ni ka dawowa. Ki riƙa dubawa."

"Ni da ban ganin kaza sai ta yi kuka? Tahi dai, ɗan nema, Allah shi maido ka."

Ta yi dariya, ta yi kuka, kwana biyu ta manta da zancen turke. Wadda ba a yi maganar da ita ba ita ce ta riƙe.

Da shekara ta kewayo, kwana uku bayan ƙaramar salla, Lubabatu ta tashi da sassafe ta yi dambun gero da zogale, ta ajiye man shanu mai kyau, don ta san abin da yake so ke nan, ko da yake ba ta taɓa miƙa masa da hannunta ba. Ta san ba a gama irin wannan karatu a shekara guda. To amma zuciya ba ɗaliba ba ce, ba ta jin bayani. Da tsakar rana ta fito kamar mai neman allura, ta duƙa. Ga inuwa nan kwance, faɗin yatsa uku, ta nufi Ƙonni abinta.

Ranta ya ɓaci. Ta ce ko awaki sun goga sun karkatar da shi. Ta cire gululun mazarinta, wato dunƙulen yumɓun da ke ba shi nauyi, ta ɗaura a zare ta saki kusa da turken kamar yadda ta ga an yi. Turke tsaye ƙyam. Washegari ta sake fitowa, inuwar ta ragu kaɗan. Jibi ta ƙara raguwa. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya sannan ta ɓace, ranar kuwa ko garin kunu ba ta tanada ba. Da a ce ya zo fa? Nan ta gane kurenta. Ita da wata take ƙirga, kamar kowa, shi kuwa da rana ya yi alkawari, rana kuma ba ta bin wata.

Ta dubi turken ta ce, "To, Dogo, ka yi mini sau ɗaya. Ba ka ƙarawa."

Daga ranar ya zama Dogo, shi da bai wuce ƙugu ba. Daga ranar kuma ta ɗauki wata hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, dole ta san ranar tun kafin ta zo. Da farko da alli take ɗiga alama a kan daɓen, sai ruwan farko ya wanke mata aikin wata guda. Sai ta koma ga abin da ta iya. Kullum in rana ta kusa tsaka, takan tsuguna ta jira inuwar ta gama tsukewa, daidai lokacin da za ta fara miƙewa ta ɗaya gefen sai ta shimfiɗa zare daga gindin turken zuwa bakin inuwar, ta tsinke da haƙori, ta kai ɗaki ta ɗaura a jikin wata doguwar igiya, kusa da na jiya. In inuwar ta nufi Ƙonni, farin zare. In ta juya Sakkwato, shuɗi. Ranar da hadari ya rufe rana kuwa sai ta yi ƙulli kawai ta bar wurin fili.

A tsakiyar damina Dogo ya sake ba ta mamaki. Shuɗin zaren ya yi ta gajarcewa, wata rana da gari ya washe ta fito ta tarar babu inuwa. Ashe sau biyu abin yake a shekara, yaron kuma bai faɗi wacce ba. Ba ta yi gardama ba, ta mai da dambun sau biyu.

Goggo Tasalla ido ne ya yi mata rauni, hanci kuwa lafiya lau.

"Luba, wa ay yi baƙo? Ƙamshin man shanu ni ka ji."

"Sadaka ta, Goggo."

"Sadaka da zogale tsintacce ganye ganye? Allah shi ba mu irin wagga sadaka. Kawo in taya almajiran da ba su zo ba."

Ta ci ta sha ruwa, sannan ta rage murya. "In sa a rubuta mashi? Kalma biyu kawai. Uwarka na dubin hanya."

"Goggo, ki ruhwa mini asiri. Da wane ido za ni dubi mutane?"

"Wata rana kunyar ga taki sai ta cinye ki ba gishiri."

Takardu kan zo jefi-jefi, sau biyu ko uku a shekara, da rubutun ajami. Malam Halliru shi ma uban ɗan fari ne, ba ya kiran sunan, ba ya nuna ɗoki. Yakan sa takardar a aljihu ta wuni, sai bayan la'asar ya shigo ya zauna yana fuskantar rumbu, ya karanta da ƙarfi kamar gero yake wa karatu. Goggo tana gefensa, Lubabatu tana bayan zana, mazari ya tsaya cak.

Maharazu yakan ba da labarin sanyin ƙasar da rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya. Yakan ce karatun nan ba wai a san amsa ba ne kawai, a san dalili ne. Wai ƙa'idar da ke sa guga ya faɗa rijiya ita ce ke riƙe da wata a sama, kuma ana iya rubuta ta a layi ɗaya. Wai akwai lissafin igiyar ruwa, da na haske, da na sautin da ke bin wayar tangarahu. Ya ce wanda ya gama yana iya zama mai awon ƙasa, ko mai lissafa nauyin da gada za ta ɗauka, ko mai auna iska da ruwan sama, ko ya koyar, ko ya zauna ya yi ta bincike har furfura. Goggo takan ce, "Duk wagga wahala don guga?" A ƙarshe yakan gai da Goggo layi uku, da Baba, da ladan, da ƙannensa mata da sunayensu, har jakin Malam mai yankakken kunne. Sannan ya ce a gai da mutanen gida. Lubabatu takan ɗauki wannan "mutanen gida" ta shiga ɗaki da ita, ta yi ta juya ta har wata takardar ta zo.

Shekara ta bi shekara. 'Yan matanta suka yi aure, biyu a Amarawa, ɗaya a hayin Faransa. Igiyoyi suka ƙaru a bangon ɗakinta, kowace shekara da tata, tana fara sabuwa ranar da inuwa ta ɓace da bazara. In ka shiga ka duba sai ka ga zaren ya fara daga babu, shuɗi ya ɗan sauko ya koma, sannan fari ya yi ta tsawo har tsakiyar sanyi ya kusa kamu biyu, ya sake hawa a hankali. Ita ba ta ga wani abin mamaki a ciki ba. Ta dai san daga ɓacewar bazara zuwa ta damina kwana ɗari da goma sha ɗaya ne, daga ta damina zuwa ta bazara ɗari biyu da hamsin da huɗu, sau ɗaya kuma aka ƙara mata kwana guda, ta yi wa Dogo faɗa. Ladan da kansa, da ƙafafunsa suka fara rawa, yakan aiko a tambayi matar Malam ko rana ta goce.

Mutane sun yi ta magana, ba shakka. Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce iska. An ji ta tana cewa, "Dogo, ka rame, ko ba su ba ka abinci can?" An ji ta da sanyi tana tambayarsa ko yana da bargo. Duk abin da al'ada ta hana ta gaya wa ɗa, ta gaya wa itace, itace kuwa ba ya kai ƙara.

A shekara ta bakwai, da kaka, takarda ta zo daga Ikko. Ya gama, ya hayo teku, yana jiran a ga inda za a ajiye shi. Goggo ta yi guɗa har ta shaƙe. Bayan kwana tara ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Malam Halliru ya rubuta masa layi huɗu, uku a ciki addu'a ce.

Amsar ta iso tsakiyar sanyi. Malam ya fuskanci rumbu kamar kullum, sai dai yanzu babu kowa a gefensa. Maharazu ya yi wa Goggo addu'a mai tsawo. Sannan ya ce an shimfiɗa masa hanya uku. Awon ƙasa, ko koyarwa a Katsina, ko wata babbar makaranta can gaɓar teku a ƙasar Gwalkwas, inda akwai kayan bincike da littattafai. Ta ukun ce ta fi kwanta masa, jirgin ruwa kuma bayan bazara zai tashi. Malam ya yi tari, ya ɗan tsaya, kamar zai tsallake layin da ke gaba. Amma shi mutum ne da ba ya rage karatu.

"Da na yi niyyar zuwa gida tukuna. To tun da Allah ya karɓi Goggo, ban ga wanda ke ƙirga mini kwana a Illela ba. A gai da mutanen gida."

Lubabatu tana bayan zana, ta ji duka. Malam ya naɗe takardar, ya daɗe yana kallon rumbu, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Lubabatu ta kwanta kwana uku. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ta dai juya wa ƙofa baya. Sama tas, rana ta fito ta take ta faɗi sau uku, Dogo ya shimfiɗa doguwar inuwarsa ba wanda ya zo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaron bai yi ƙarya ba a iya saninsa. Ita ta ce me ya haɗa ta da tafiyarsa, a gaban shaidu biyu. Mai faɗa masa akasin haka tana ƙarƙashin ƙasa. Ita ba ta iya rubutu ba, ko ta iya ma hannunta ba zai rubuta abin da bakinta ya kasa ba, Malam kuma gara a ce ya haɗiye tawada da a ce ya rubuta wa ɗan fari uwarka tana kuka.

Rana ta huɗu ta tashi, ta yi ƙulli uku a igiya, ta fita ta auna ta ranar ta ɗaura. Sannan ta sauke igiyoyin duka shida, ta naɗe kowace daban yadda ba za su harɗe ba, ta ƙunshe su a farin ƙyalle, ta kai wa mijinta.

"Malam, kayan mai turke na. Sun cika mini ɗaki. A aika mashi abinai."

Malam Halliru ya dubi ƙunshin, ya dubi bangon da ke bayanta.

"In rubuta mi?"

"Ba komi."

Bai ba wa kowa saƙon ba. Ya ɗaura wa jaki akumari ya yi kwana uku a hanya, ya kai gidan waya na Sakkwato da hannunsa, ya dawo.

Daga nan sai jira, kuma duk jiran da ta yi a baya wasa ne. Wata guda, babu takarda. Wata biyu, shiru. Ɗakin ya yi mata faɗi, bango tsirara. Ta ci gaba da ƙirga da 'ya'yan tsamiya a ƙoƙo, amma dare da rana tunani ɗaya. In ya buɗe ya ga tsumma fa? In ya ce lagwanin fitila aka aiko masa? Mutumin da ya saba da takarda, ya iya karanta zare? Wata rana ta ce wa Dogo, "Da na sani da na ce a rubuta ko kalma guda." Sai kuma ta ce, "Ƙarya ni kai. Ban iyawa."

Zafi ya shigo, aka yi babbar salla, farar inuwa ta yi ta tsukewa. Tsamiyar ƙoƙo ta ce saura kwana goma, ta ce saura uku, ta ce gobe. Ta tsinci zogale ganye ganye. Da safe ta turara dambu ta rufe da faifai, ta share daɓen, ta yi wanka, ta sa zanen da take zuwa suna da shi, tana jin haushin kanta da ta sa.

Rana ta hau. Garin ya yi tsit irin na bazara, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Ta tsuguna da zare a hannu don sabo, ko da yake yau babu abin aunawa. Inuwar ta koma kamar ƙwayar gero, ta shige gindin turken, ta ɓace. Ta saurara. Ba sallama, ba kukan jaki a ƙofa.

"To, Dogo," ta ce, "yau ma ka ɓoye inuwarka ga banza."

A irin wannan rana mutum ma ba shi da inuwar da za ta riga shi isowa. Shi ya sa ba ta ga komai ba sai takalma, baƙaƙe, sun sha ƙurar hanya, tsaye a bakin daɓen. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ga gefen farin ƙyallen da ta sani yana lilo a hannunsa.

Ya durƙusa ta ɗaya gefen turken. Shi ma bai dube ta ba, itacen ya duba.

"Dogo," ya ce, "tunda kai aka gaya ma magana gidan ga, ka ji tawa. Saƙo ya ishe ni. Na rataya shi ga bango, igiya bisa igiya, nij ja baya. Abin da nig gani, shi na shekara ina koyon zanawa da alƙalami, da malami bisa kaina. Ban taɓa ganin an yi shi da zare ba."

Ya ci gaba.

"Da fari na ce Goggo ta. Sai nit tuna Goggo ba ta ganin kaza. Nig ƙirga daga ranar da inuwa ta ɓace, nis sami ranar da anka rufe Goggo, ƙulli ɗaya ba zare. Washegari zare ya ci gaba, Dogo. Wata biyu da kwanaki bayan ba ta duniya, zare bai tsaya ba."

Hawaye ya ɗiga a kan daɓen, ƙasa ta shanye nan take. Ba a san na wane ne ba, don dukansu ƙasa suke kallo.

"Duk ƙullin da ke cikin damina na gane, hadari na. Sai ukun ga na ƙarshe, tsakiyar sanyi, sama ba girgije. Kwana biyu ina juya su ba su hito ba. Sai nil lissafa ranar da takardata ta bar Ikko, da kwanan jirgi, da kwanan mota, da kwanan mai kai saƙo." Ya dafa turken. "Ta hwaɗa daidai. Ka roƙa mini gahwara, Dogo. Ni ad da ilimin, ni ab ban iya karatu ba."

Sunan yana bakinta. Shekara ashirin da tara yana nan a bayan haƙoranta, ya taso har ya taɓa leɓe. Ta danne shi, don ko yau ba za ta iya ba, kuma yanzu ta san ba sai ta iya ba. Ta goge fuska da bakin zane, ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara.

"Dogo, ka ce mashi dambu na hucewa."

Ya zauna a gindin rumbu ya buɗe faifan. Ita ta koma bayan zana ta ba shi baya, ta ɗauki mazari ba ta juya shi ba. Tana jin ƙarar cokalin ƙoƙo a akushi. Dambu goma sha uku ta yi a shekarun nan, wannan ne na farko da ya shiga cikin wanda aka yi dominsa. Tsakanin loma da loma yake gaya wa turke cewa ya fasa bin jirgin Gwalkwas, ya karɓi koyarwa a Katsina. Kwana tara kawai gare shi, amma duk dogon hutu yana nan tafe, kuma igiyoyin zai tafi da su ya rataya a gaban ɗalibai.

Kwana tara. Ta fara ƙirgawa tun kafin ya rufe baki, ta kuma ji zafinsu tun yanzu. Ta leƙa ta ƙofar zana ta ga ya suɗe akushin har gefe, kuma Dogo bai yi ƙarya ba, yaron ya rame.

Washegari da tsakar rana inuwa ta leƙo ta gefen Sakkwato, 'yar mitsitsiya, ta jira, ta miƙe abinta. Ba wanda ya zo da shuɗin zare. Lubabatu tana bakin turmi tana dakan fura.